Daga robar fitsari zuwa ɗakin gashi: hanyar da muka bi da Baba a kan kansar furostet

Tun da aka ji larurar mahaifinmu mutane ke kirana, tambayarsu kuma kusan iri ɗaya ce: tsohonmu fitsari na ba shi wahala, bayansa na ciwo, ta ina za mu fara? Shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da muka bi daki-daki, domin mun sha lalube kafin mu gane kan abin. Ni malamin sakandare ne, ilimin halittu nake koyarwa, don haka duk abin da likita ya faɗa sai na koma gida na bi diddiginsa har ya zauna mini. Abin da na gani shi ne, wanda ya san yadda kansar furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ke barin mazauninta ta shiga ƙashi zai gane dalilin kowace takarda da aka miƙa masa a asibiti, zai kuma san wacce za a iya jinkirtawa, wacce ce ba ta kwana.

Baba manomi ne, yana ɗan taɓa saye da sayar da hatsi, ya haura shekara 65. Abin ya faro da yawan tashi fitsari cikin dare. Fitsarin ba ƙarfi, in ya gama sai ya ji da saura, ɗigo kuma na biyo baya har ya zama sai ya canza wando kafin kowace salla. Umma kaɗai ta sani, ita ma ba ta faɗa ba. Daga baya ciwon kwankwaso ya shigo. Wannan kam kowa ya tofa albarkacin bakinsa: wasu sun ce tsufa ne da aikin gona, wasu sanyi, wasu basir. An sha jiƙe-jiƙe, mai kemis ya yi ta ba shi diklofenak. Amma ciwon nan ba ya lafawa in ya kwanta, da dare ma ya fi tsananta, kuma wannan ita ce alamar da ke raba shi da ciwon gajiya.

Wani dare cikin hunturu fitsarin ya tsaya cak. Mara ta kumbura, Baba da ba ya raki yana ta salati yana gumi. Muka kai shi babban asibitin garinmu, aka sa masa robar fitsari, jakar ta cika nan take. Da safe likita ya rubuta gwajin ƙoda, na fitsari, na yawan jini, da wani mai suna PSA, wanda sai da muka je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin gari. Furostet ƙullutu ne da ke ƙasan mafitsara, ya zagaye bututun fitsari, nauyinsa a mai lafiya kamar giram 20, aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. PSA furotin ne da ƙwayoyin halittar furostet ke yi, kaɗan ne ke ɓallewa ya shiga jini. An saba ɗaukar nanogiram 4 a kowace mililita a matsayin iyaka. Na Baba ya nuna 186. Likitan ya bayyana mana cewa kumburin furostet na tsufa, ko ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko ma sa robar kanta, duk suna iya ɗaga lambar, amma da wuya su kai ta nan. Ya tsayar da diklofenak domin ƙodar ta fara taɓuwa, ya rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Ku riƙe takardar nan da kyau, ku yi mata kwafi, domin in babu ita daga sashen marasa lafiya na gama-gari za ku fara, wani sabon layi ke nan.

A asibitin koyarwa ranar farko ba a ganin likita, ranar buɗe fayil ce. Ka biya kuɗin kati, ka kai rasit ofishin ajiye bayanai, a ba ka lamba, sannan a gaya maka ranar da likitocin fitsari ke zama, domin ba kullum suke zama ba. Ranar da aka ba mu, daga sallar asuba muka kama hanya, duk da haka mun tarar da tsofaffi jere a benci, kusan kowanne da jakar fitsari a ɓoye ƙarƙashin babbar riga. Sai bayan azahar aka kira mu. Likitan ya yi tambayoyi, sannan ya ce, “Baba, a yi haƙuri, akwai dubawar da sai na sa yatsa ta baya, ba za ta daɗe ba.” Baba ya dube ni ya ce, “Malam, ɗan ba mu wuri.” Na fita. Da na dawo likitan ya ce ya ji ƙullutun da tauri, ba santsi, kuma zai so a ɗebi tsoka a auna. Ku shirya tsofaffinku tun daga gida a kan wannan dubawa. Na ga wani dattijo da ya tashi ya tafi saboda an ba shi ita ba shiri, alhali ba ta kai minti guda ba.

Ɗibar tsoka tana da nata sharuɗɗa. An tambaya ko Baba na shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ya fara kafin ranar, an kuma ce a wanke ciki da safe. Ana shigar da na'urar sikanin ta dubura, a yi allurar kashe zafi, sannan a riƙa harba wata siririyar allura tana tsinko tsoka kamar zare daga sassa daban-daban, galibi guda 12. Baba ya ce ƙarar na'urar ta fi zafin tayar masa da hankali. An gargaɗe mu cewa jini kaɗan a fitsari ko bayan gida ba komai ba ne, amma zazzaɓi da rawar sanyi na nufin a dawo a daren, ba sai gari ya waye ba. Abin da ban zata ba, ni aka miƙa wa kwalaben tsokar a cikin ruwan adanawa, ni na kai su sashen binciken tsoka, na biya wani kuɗin daban, aka ba ni 'yar takarda mai lamba. Da wannan lambar ake neman sakamako, ba da sunan mutum ba. Jiran ya ɗauki makonni, kuma shi ne lokacin da ya fi mana nauyi, domin Baba ya daina tambaya, mu ma mun rasa abin faɗa masa.

Takardar ta fito da 4+5=9. Wannan ma'auni ne da wani likitan tsoka Ba'amurke, Donald Gleason, ya tsara a shekarun 1960. Ana duba yadda ƙwayoyin suka jeru a ƙarƙashin madubi, a ba wa siffar da ta fi yawa lamba, a ba wa mai bi mata lamba, a haɗa. A yau jimla na farawa daga 6 zuwa 10. Mai 6 tana tafiya a hankali har wani lokaci sa ido kawai ake yi, mai 9 ko 10 kuwa ƙwayoyin sun watse, sun daina kama da furostet. Akwai kuma layin da ya ce an ga ƙwayoyin kansa sun nannaɗe ƙananan jijiyoyin ji. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai da likita ya nuna mini cewa gefen jijiya na cikin hanyoyin da suke bi su fice.

Daga nan sai hotuna. An yi na ciki da ƙoda, an yi eksire na ƙugu da ƙashin baya, an auna wani sinadarin jini mai suna ALP wanda ke hawa idan ƙashi na cikin aiki fiye da kima. Akwai hoton ƙashin jiki gaba ɗaya da ake yi da allurar sinadarin nukiliya, ana yin sa a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da asibitin koyarwa na Ibadan. Na tambaya ko mu shirya tafiya. Babban likita ya ɗaga eksiren a jikin fitila ya nuna mini wasu fararen tabbai a ƙashin ƙugu da ƙasan gadon baya. Ya ce da PSA haka, da Gleason 9, da ALP a sama, da waɗannan tabbai, amsar da hoton Abuja zai bayar tana gabanmu, gara a adana kuɗin don magani. Tun ranar na koyi yin tambaya ɗaya kafin kowane gwaji mai tsada: sakamakon nan zai canza maganin da za a bayar?

A hanyar gida Baba ya yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ya ce, “Ciwon da ke mafitsara, me ya kai shi bayana?” Ga amsar kamar yadda na tattaro ta daga bakin likitoci da karatu. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin furostet manne suke da juna ta wani furotin mai suna E-kadherin, suna zaune kan wani siririn bango da ya raba su da sauran tsoka. Ƙwaya mai lafiya in ta rabu da 'yan'uwanta mutuwa take yi. Kafin ta iya tafiya ta rayu sai kurakurai sun taru a cikin DNA ɗinta, wato kundin gadon da ke cikinta, shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani shi ne lalacewar ƙwayar gado mai suna PTEN, wadda aikinta kashe saƙon da ke ce wa ƙwaya ta girma ta rabu. In ta lalace, saƙon ba ya yankewa. Akwai TP53, wadda ke tilasta wa ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta, ita ma takan tafi a kansar da ta yi nisa. A 2005 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun gano cewa a wasu majinyata ƙwayoyin gado biyu, TMPRSS2 da ERG, suna mannewa su zama ɗaya, har sinadarin mazantaka ya riƙa kunna ERG, ita kuma ta ƙara wa ƙwaya ƙarfin kutsawa. Ana samun wannan a kusan rabin majinyata Turawa, amma ya fi ƙaranci a baƙar fata, duk da cewa a Amurka baƙar fata sun kusa ninka Turawa mutuwa da cutar. Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya, domin yawancin binciken a jikin wasu aka yi shi, alhali a Najeriya ita ce kansar da ta fi kama maza.

Ƙwayar da ta tara waɗannan kurakurai sai ta rage yin E-kadherin, ta saki maƙwabtanta, siffarta ta miƙe ta zama mai iya rarrafe. Tana fitar da wasu sinadarai da ake kira MMP masu narkar da bangon nan, ta bi gefen jijiya, ko ta faɗa hanyar kaluluwa, ko jijiyar jini. Mafi yawansu a cikin jini suke mutuwa. Waɗanda suka tsira kuma akwai hanyar da ke kai su gadon baya kai tsaye. A 1940 wani masanin jikin ɗan Adam, Oscar Batson, ya nuna cewa jijiyoyin jinin da ke kewaye da furostet suna haɗe da waɗanda ke bin ƙashin baya, kuma ba su da marufin da ke hana jini komawa baya, don haka tari ko yunƙuri na iya tura jini ta can. Amma hanya kaɗai ba ta isa ba. Ɓargo na fitar da wani sinadari, CXCL12, wanda da shi yake kiran uwayen ƙwayoyin jini su zo su zauna. Ƙwayar kansar furostet na ɗauke da makarɓinsa, CXCR4, sai ta amsa kiran da ba nata ba, ta shige mazaunin da aka tanada wa wasu. Tana iya kwanciya a nan shekaru ba motsi kafin ta farka. Tun 1889 wani likitan tiyata a Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan gawar mata 735 da kansar mama ta kashe, ya ga yaɗuwar ba ta kan-mai-uwa-da-wabi ba ce, ya ce iri na watsuwa ko'ina amma a ƙasar da ta karɓe shi kaɗai yake tsirowa. Da na faɗa wa Baba wannan sai ya gyaɗa kai ya ce, “To ai ko gero ba ya yi a fadama.” Daga ranar ya daina zargin cewa jifa aka yi masa, kuma wannan kaɗai ya rufe ƙofar kashe kuɗi da yawa.

Zaman da ya fi wuya shi ne na zaɓen magani. Likita ya faɗa mana ƙarara cewa tunda ta shiga ƙashi, cire furostet ba zai warkar ba, abin da za a yi shi ne danne ta, kuma ana iya danne ta tsawon lokaci. Ƙwayar furostet, mai lafiya ko mai kansa, da sinadarin mazantaka take rayuwa, wato testosteron. Yana shiga cikinta, a mayar da shi wani nau'i mafi ƙarfi, ya kama wani furotin da ake kira AR, shi kuma ya shige cibiyar ƙwaya ya kunna ƙwayoyin gadon girma, har da wadda ke yin PSA. Shi ya sa PSA ke zama ma'aunin ko magani na aiki. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges a Shikago suka nuna cewa in aka yanke wannan sinadari, kansar da ta shiga ƙashi tana ja da baya, ciwo ya ragu. Huggins ya sami kyautar Nobel a 1966 a kan haka, kuma har gobe a kan wannan tushe ake. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sinadarin daga maraina yake fitowa, don haka hanya biyu ce: allura, ko tiyatar cire 'ya'yan maraina. Likitan ya ƙara da cewa bincike na shekarun 2015 zuwa 2017 ya nuna ƙara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, mai suna dosetaksel, ko ƙwayar abirateron tun daga farko, na tsawaita rai, in da hali. Mu a lokacin babu.

Baba ya ƙi jin zancen tiyata, kuma ban ga laifinsa ba. Muka ɗauki allura, gosarelin, wadda aka fi sani da Zoladex. Akwai ta wata ɗaya mai miligiram 3.6, akwai ta wata uku mai 10.8, ana cusa ta ƙarƙashin fatar ciki. Ta wata ukun ta fi albashina na wata. A nan akwai abin da ya wajaba a sani: a makon farko ko na biyu allurar tana ɗaga testosteron kafin ta kashe shi, kuma ga wanda kansar ta kai gadon bayansa wannan hawan na iya kumbura ƙari ya danne laka. Don haka ake fara ba da ƙwayar bikalutamaid, mai toshe AR, kafin allurar farko. Kada wani ya sayo allurar a kasuwa ya sa a yi wa tsohonsa a gida. Tana kuma buƙatar ajiya mai kyau, ku saya inda kuka amince, ku duba ranar lalacewa.

Cikin 'yan makonni Baba ya fara barci. An cire robar fitsari ya yi da kansa, ranar Umma har sadaka ta yi. PSA ta yi ta sauka har ƙasa da 2. Zafin jiki mai taso masa farat ɗaya da gumi, da kasala, su ne suka zo da maganin. Amma kuɗi suka fara gagara, aka yi zagaye ɗaya da muka makara. Likita ya ce mana allurar da ake yi ana tsallakewa ta fi tiyata haɗari nesa ba kusa ba, domin sinadarin na dawowa. Baffa, ƙanin Baba, shi ya zauna da shi, domin magana ce da ɗa ba ya iya yi da uba. Ya gaya masa cewa aikin da allurar ke yi a jikinsa shi ne dai tiyatar za ta yi, bambancin kawai sau ɗaya ake biya. Baba ya yi shawara da Umma, ya yi istihara, ya sa hannu a takardar amincewa da kansa. Aikin gajere ne, ba a sa shi barci gaba ɗaya ba, kuma akwai salon da ake cire tsokar ciki a bar kwanson. Washegari muka koma gida. Kuɗin duka bai kai na allura biyu ba.

Mun samu fiye da shekara cikin sauƙi, har ya leƙa gona da damina. Sai PSA ta fara hawa a gwaji biyu a jere. Likita ya sa aka auna testosteron, ya fito ƙasa da nanogiram 50 a desilita, wato tiyatar ta yi aikinta, kansar ce ta sami wata dabara. A cikin miliyoyin ƙwayoyi, waɗanda suka dogara kacokan ga sinadarin sun mutu, 'yan tsirarun da ke da wata mafita suka rage suka hayayyafa. Wasu suna ninka ƙwayar gadon AR har ɗan abin da ya rage a jini ya ishe su. Wasu AR ɗinsu ya sauya siffa har bikalutamaid ɗin da ke toshe shi ya koma kunna shi. Wasu suna yin guntun AR, kamar wanda ake kira AR-V7, wanda ba shi da wurin kama sinadari sam, kullum a kunne yake. Wasu kuma suna haɗa nasu sinadarin daga abin da ƙullutun saman ƙoda ke fitarwa. Wannan ta ƙarshe ce abirateron ke tarewa, ta hanyar toshe wani sinadarin haɗi mai suna CYP17A1. Ana shan ta da cikin da ba abinci, tare da ƙwayar firednisolon, ana bibiyar hawan jini, da fotashiyam, da hanta. Wadda ake yi a Indiya ta fi sauƙin kuɗi, duk da haka sai da muka yi karo-karo tsakanin 'ya'ya, aka sayar da wani ɓangare na hatsin da Baba ya ajiye.

A wannan matakin ne wata nas ta tura ni ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda na sha wucewa ta ƙofarsa ban san amfaninsa ba. A nan na ji labarin asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, ga marasa ƙarfi, a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Ana cike fom, a haɗa da sakamakon tsoka da shaidar ɗan ƙasa, jami'in ya tantance halin iyali. Ba ya zuwa da sauri, don haka ku nemi ofishin nan ranar da sakamakon tsoka ya fito, kada ku bari sai aljihu ya ƙone. Wanda ke da inshorar lafiya ta NHIA kuma ya tambaya a rubuce abin da ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba.

Wata safiya Baba ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, tafin ƙafa kamar ba nasa ba, ciwon baya kuma ya zagayo ciki. Tun farko likita ya ja mana kunne cewa in aka ga haka, ko fitsari da bayan gida suka kuɓuce, ba a jiran ranar kilinik. Muka wuce sashen gaggawa. An ba shi deksametason don rage kumburi, an hana shi tashi, an yi hoton MRI a ranar, wanda shi ne gwaji mafi tsada da muka yi kuma ban yi nadamar ko kwabo ba. Ya nuna ƙari a ɗaya daga ƙasusuwan baya yana taɓa laka. Laka in ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa, wanda ya zo yana tafiya da ƙafarsa shi ya fi samun damar ci gaba da tafiya. Aka ce a yi gashi, wato a ƙona ƙarin da hasken wata na'ura. Na'urar cibiyar da aka fara tura mu ba ta aiki a lokacin, sai aka sake rubuta mana takarda zuwa wani gari. Cibiyoyin gashi a Arewa 'yan kaɗan ne, akwai a Zariya, Sakkwato, Gombe da Abuja, don haka ku sa likitanku ya kira ya tabbatar kafin ku ɗauki majinyaci mai ciwon baya ku hau titi. A can an sake buɗe sabon fayil, an nemi asalin sakamakon tsoka da faifan MRI, ba rahoton kaɗai ba. An yi hoton tsarawa, aka zana alamomi a fatarsa aka ce kada a goge su wajen wanka. Shi gashin mintuna ne, ba zafi, jiran layi ne ke cinye yini.

Likitar gashin ce ta warware mini zancen fararen tabban nan. Na ɗauka fari a hoto na nufin ƙashi mai ƙarfi. Ta ce ƙashi kullum cikin rushewa da ginuwa yake, akwai ƙwayoyi masu gini, akwai masu rushewa. Kansar furostet na fitar da sinadarai, irin su endotelin-1, masu ingiza masu gini su yi ta zuba sabon ƙashi ba tsari, shi ne farin da ake gani, kuma gautsi gare shi. Masu ginin kuma suna sakin RANKL, wanda ke tayar da masu rushewa. In an rushe tsohon ƙashi, sinadaran girma da ke daskare a cikinsa, kamar TGF-beta, sai su fito, kansar ta samu abin ci, ta ƙara ingiza masu gini. Haka abin ke juyawa. Don karya wannan ne aka fara yi wa Baba ƙarin ruwa mai maganin zoledironik, wanda ke kwantar da masu rushewa. Kafin a fara sai da aka duba ƙodarsa, aka tura shi wajen likitan haƙori, domin cire haƙori bayan an fara maganin na iya jawo ciwon muƙamuƙi mai wuyar warkewa. An haɗa masa da kalsiyam da bitamin D. Sashen rage raɗaɗi kuma ya ba shi ruwan mofin. Mun ji tsoronsa da farko, amma an koya mana awo, aka haɗa da maganin taurin ciki, Baba ya samu ya riƙa salla a zaune ba tare da yana cije baki ba. Yanzu yana takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida.

Ga mai shirin shiga wannan hanya, ya samu jaka guda ya zuba komai, kowace takarda da kwafinta da hotonta a waya, da littafi da zai riƙa rubuta PSA da ranar da aka yi ta, kuma a ɗakin gwaji ɗaya in zai yiwu. Mutum ɗaya ya zama shi ne mai shiga wajen likita kullum, domin in yau wannan gobe wancan, bayani na ɓacewa a hanya. A bar tsoho ya ji gaskiyar ciwonsa. Dangi sun so mu ɓoye wa Baba, amma mutumin da za a nemi ya yarda a cire masa wani sashe na jikinsa yana da haƙƙin sanin dalili, kuma na ga yadda sanin ya ƙara masa natsuwa.

Saura zancen gado. Likita ya tambaya ko akwai mai kansa a dangi, muka tuna Gwaggo, yayar Baba, kansar mama ce ajalinta. Ya ce wannan abin lura ne, domin ƙwayar gado ta BRCA2, mai gyara DNA idan ya tsinke, lalacewarta na bin jini, tana kawo kansar mama ga mata da kansar furostet mai zafi ga maza. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya sami irin wannan lalacewa ta gado, a BRCA2 ko 'yan'uwanta, a kusan kashi 12 cikin 100 na mazan da kansarsu ta yaɗu, kuma akwai magani na musamman, olafarib, ga masu ita. Gwajin ya fi ƙarfinmu a yanzu. Abin da ke hannunmu shi ne shawarar da ya ba mu, cewa baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar ya fara zancen gwajin PSA da likita tun yana shekara 45, ba sai fitsari ya fara gardama ba, domin a farkonta ba ta da alama. Mun faɗa wa 'yan'uwanmu mata su ma su je a duba mama. Mu maza uku da muka kai shekarun mun je mun yi. Nawa da na ƙanina sun fito daidai. Na Yaya ya ɗan haura, an ce ya maimaita bayan makonni, ya maimaita bai sauka ba, an ba shi ranar ganin likitan fitsari bayan salla, kuma ni zan raka shi.